Wa Za Ka Ba Aron Wannan Littafi? Rajistar Aikin Kundin Masu Karatu a Zariya

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau muka yi zaman farko, mu tara, a wani aji da shugaban wata makarantar firamare a Tudun Wadar Zariya ya ba mu aro, bisa sharaɗin mu mayar da bencina yadda muka same su. Ni aka ɗora wa nauyin rubuta duk abin da ya gudana, domin kada aikin ya zama irin wanda ake farawa da zafi sannan a watse ba tare da an san inda aka kwana ba.

Abin da ya haifar da aikin bai taka kara ya karya ba. A zangon karatun da ya wuce wata ɗaliba ta tare ni bayan darasi ta ce, "Malam, wane littafin Hausa zan karanta wanda ba na jarrabawa ba?" Ni da na shekara goma sha huɗu ina koyar da Hausa a sakandare, sai na ji bakina ya tafi kai tsaye ga littattafan da manhaja ta saba kawowa, na ba ta aron ɗaya daga cikinsu. Bayan mako uku ta dawo mini da shi da godiya mai yawa, amma daga inda ta naɗe kusurwar takarda na gane ko babin farko ba ta gama ba. Abin ya tsaya mini a rai, musamman da na tuna cewa daga wannan gari namu Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta buɗe ƙofar ƙagaggun labaran Hausa na boko, kuma a nan Kamfanin Gaskiya da kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) suka yi shekaru suna buga su. Ga shi bayan shekara casa'in yarinya tana neman wanda zai nuna mata abin karantawa, malaminta kuma ya kasa.

Shawarar da muka yanke ita ce mu tattara ra'ayoyin masu karatu a kan ƙagaggun labarai ɗari, tsofaffi da sababbi, mu haɗa su a kundi guda wanda za a iya ajiyewa a makarantu. Na kawo kati mai tambaya huɗu: sunan littafi da marubucinsa, inda mai karatu ya same shi, abin da ya burge shi a ciki, da makin da ya ba shi cikin goma. Niyyata, wadda ban ɓoye wa kowa ba, ita ce a ƙarshe mu jera littattafan daga mafi maki zuwa ƙasa. Kowa ya tafi da kati biyar.

Asabar, 20 ga Janairu

Kati ashirin da uku suka dawo, kuma da na baje su a kan tebur sai gwiwata ta yi sanyi, domin kusan dukkansu magana ɗaya suke yi. A gurbin abin da ya burge mai karatu an rubuta "akwai darussa", ko "yana faɗakarwa", ko "ya ilmantar ya nishaɗantar". A gurbin maki kuwa babu wanda ya sauka ƙasa da takwas. Idan aka rufe sunan littafin da yatsa, babu mai iya bambance katin labarin soyayya da na labarin yaƙi.

Dattijonmu, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa kuma muke kiransa Baba, shi ne ya nuna mini inda gizo yake saƙa, ba tare da ya yi nufin haka ba. Katinsa na Ruwan Bagaja ne, kuma ya rubuta cewa littafin yana koyar da haƙuri da juriya. Da na roƙe shi ya ƙara mana bayani da baki, sai ya fara ba da labarin irin ƙullin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna, bai kai rabi ba dariya ta ci ƙarfinsa har sai da ya cire tabarau ya share hawaye da hannun riga. Ya ce sau uku yana karanta littafin a ɗakin gadi na wata ƙaramar tasha, fitilar ƙwai a gefensa, yana jiran jirgin kaya da ba ya zuwa sai asuba. Na ce, "To Baba, me ya hana ka rubuta wannan?" Ya ce, "Haba Malam, a takarda? Ai sai a ce dattijo ya zauna yana karatun ban dariya."

Ke nan katin nawa ya yi kama da takardar jarrabawa, mutane kuma suka amsa shi kamar masu tsoron faɗuwa. Ina zargin mu malamai da hannu a cikin wannan, domin mu ne muka koya wa yara cewa duk wanda aka tambaya game da littafi, abin da ake jira daga bakinsa shi ne jigo da darasi.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Na shiga cikin birni wurin yayata, da nufin ta taimaka mini da katunan matan unguwarsu, tunda yawancinsu ba za su iya zuwa zaman Asabar ba. Na san tana karance-karance, amma ban san yawan abin da ta tara ba sai yau, da ta sa yara suka jawo buhu biyu daga ƙarƙashin gado.

Littattafan Kano ne kusan dukkansu, irin waɗanda suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, kuma aka yi ta muhawara a kansu a jaridu cikin shekarun 1990. Sirara ne, takardarsu ta koma ruwan ƙasa, ƙarfen da aka ɗinke su da shi ya yi tsatsa ya bar tabo a tsakiyar shafi. Kowane labari an raba shi na ɗaya da na biyu da na uku, ita kuwa ta ɗaure kowane rukuni da tsumman atamfa domin kada su rabu. Wasu suna ɗauke da hatimin shagon haya, wasu kuma an lulluɓe bangonsu da takardar kalanda. A gefen wani shafi na ga an rubuta da jan biro, "Allah ya isa", a ƙasansa kuma wani hannu dabam ya amsa da baƙin biro, "Ke ma kin faɗa." Mata biyu ke nan da wataƙila ba su taɓa haɗuwa ba suna yi wa wani mugun miji na cikin labari hukunci.

Yaya aji biyu ta yi a sakandare aka yi mata aure, kuma ta gaya mini cewa da waɗannan littattafai karatunta na boko ya zauna. Na nuna mata katina, ta karanta shi a hankali, ta ajiye. Ta ce ita ba ta san littafin da ya fi wani maki ba, abin da ta sani shi ne wa za ta ba wane. Ta zaro wani rukuni ta ce wannan na amarya ne da ke zaman kaɗaici a gidan da ba ta san kowa ba. Ta zaro wani ta ce wannan sai bazawarar da ta fara cire rai. Wani kuma ta ɗaga shi sama ta ce, "Wannan ya fi su duka daɗi, amma ba zan ba wadda aka yi wa kishiya jiya ba, domin uwargidan da ke ciki haukacewa ta yi." Shekara fiye da ashirin tana ba da aro a kan wannan tsari, kuma matan unguwa idan sun aiko yaro ba sa faɗin sunan littafi, sai dai su ce a gaya wa Yaya ta zaɓo musu.

Na dawo gida da kunya biyu. Ta farko ita ce na daɗe ina kallon waɗannan littattafai a matsayin abin da ake ƙwacewa daga hannun ɗalibai a aji. Ta biyu kuma ita ce abin da na tara mutum tara domin nema yana nan a gidanmu tun tuni.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na gabatar da sabon kati. An cire maki, an cire tambayar abin da ya burge mai karatu, an sa uku a madadinsu: wane wuri ne a cikin littafin ba ka manta ba, wa za ka ba aronsa kuma a wane hali yake ciki, sannan wa ba za ka ba ba.

Ba a karɓe shi salin alin ba. Wani matashi a cikinmu, ɗalibin nazarin Hausa a jami'a a Samaru, ya ce idan aka cire maki an cire ma'auni, kuma hakan zai sa littafin da aka rubuta cikin gaggawa, mai cike da kurakuran ƙa'idojin rubutu, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da aikin da aka tace shi shekara da shekaru. Ya ce zubi da salo da ginin taurari abubuwa ne da ake iya aunawa, kuma kauce wa auna su ragwanci ne da aka sa wa rigar adalci. Maganarsa tana da nauyi, ni ma rabin zuciyata tana tare da shi. Amma na tuna masa cewa makin da muka samu a katunan farko duk takwas ne da tara da goma, wanda bai auna komai ba. Muka daidaita a kan cewa kowane littafi zai sami ɗan gajeren sharhin manazarci a ƙarshen shafinsa, shi ne kuma zai riƙa rubutawa, amma ra'ayoyin masu karatu su ne za su zo a sama.

Asabar, 2 ga Maris

Wannan shi ne zama mafi zafi tun da muka fara, kuma littafi ɗaya ya cinye shi gaba ɗaya: Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Kati shida muka samu a kansa, huɗu daga matan cikin birni ta hannun Yaya, biyu daga zaman nan. Ga wanda bai karanta ba, labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa da ya kore ta da 'ya'yanta bayan ya ƙaro aure, ta riƙe su da sayar da abinci har ta tsaya da ƙafafunta, sannan da duniya ta juya wa mijin baya aka matsa mata ta koma.

Duka katunan sun yarda cewa wurin da ba a mantawa shi ne ƙarshen, amma daga nan suka rabu. Wata mata ta rubuta cewa za ta ba duk macen da aka sake ta da yara a hannu, domin ta ga cewa tukunya da murhu suna iya riƙe gida, sai dai za ta ce mata ta tsaya kafin babin ƙarshe. Wata kuma ta rubuta cewa ba mata za ta ba ba ko kaɗan, domin su sun riga sun san abin da ke ciki, maza za ta ba, musamman wanda kasuwa ta fara buɗe masa. Malamar firamare da ke zuwa zamanmu ta ce komawar Rabi ta ɓata mata littafin, har ta yi shekara ba ta sake taɓa shi ba. Baba ya ce a'a, komawar ita ce gaskiyar labarin, domin haka dangi suke yi, kuma marubuciyar da ta bar Rabi ta ci gaba da zamanta cikin jin daɗi da ta yi wa mata ƙarya. Malamar ta ce, "Baba, gaskiya ce, amma ba dole ne a so ta ba." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce hakan ma magana ce.

Ɗalibin jami'a ya kawo bayanin cewa an fassara littafin zuwa Ingilishi, Aliyu Kamal ne ya fassara, kuma wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012, ya nemi a sa wannan a sharhinsa. An amince.

Tambayar da ta rage mini ita ce yadda za a shigar da katunan da suka saɓa wa juna. Da farko na so in tace su in fitar da matsaya guda, amma da na gwada a takarda sai na ga abin da ya fito ya koma irin "akwai darussa" ɗin nan da muke gudu. Za a buga su duka shida yadda aka rubuta su, a gyara ƙa'idar rubutu kawai, ba tare da sunan kowa ba, sai dai a nuna ko mace ce ko namiji da kimanin shekaru.

Asabar, 9 ga Maris

Zaman ƙarshe kafin azumi. Muna da kati saba'in da ɗaya a kan littattafai talatin da huɗu. Na haɗa littattafan da aka ba mu aro a kwali biyu na ajiye a ɗakin ajiyar makarantar, katunan kuma na tafi da su gida. Za a dawo bayan Sallah.

Asabar, 20 ga Afrilu

Gara ta shiga kwali ɗaya. Laifina ne, domin a ƙasa na ajiye shi jikin bango, kuma ban leƙa ba tsawon mako shida. Da na ɗaga kwalin sai gindinsa ya zauna a ƙasa, littattafai goma sha ɗaya sun zama ƙasa da ramuka, bakwai daga cikinsu na Yaya ne. Abin da ya fi ciwo shi ne wani labari mai littafi uku da gara ta cinye na ukunsa kaɗai, wanda kuwa ya san irin waɗannan littattafai ya san cewa na ɗaya da na biyu ba tare da na uku ba sun zama abin tsokanar rai, domin marubutan suna yanke labari ne daidai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba.

Na je na gaya mata da kaina. Ba ta yi faɗa ba, abin da ta ce kawai shi ne ta san yadda labarin ya ƙare, amma matan da ba su kai ga karanta shi ba fa? Na yi alkawarin nemo wani.

Daga yau littattafai suna cikin akwatin ƙarfe a kan benci, an kuma buɗe rajistar aro mai sunan littafi da ranar fita da ranar dawowa. Baba ne ya karɓi riƙon ta, ya ce wanda ya yi shekara talatin yana rubuta shigar jirgi da fitarsa ba littafi ne zai ɓace masa ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Ranar Talata na je Kano neman littattafan da suka lalace. Na sami huɗu cikin goma sha ɗaya, na ukun nan kuwa ban same shi ba. Masu sayar da littattafan da na zanta da su duk bakinsu ɗaya, cewa ciniki ya ja baya ƙwarai, takarda ta yi tsada, masu karatu kuma sun koma waya. Wani ya nuna mini kantar da a da littattafan labari ne suka cika ta, yanzu littattafan makaranta da na addini ne a kai.

Wannan ya haɗu da matsalar da ta taso a zaman yau. 'Yan mata biyu da suka shigo cikinmu bayan Sallah sun kawo kati tara, kuma babu ko ɗaya a cikin littattafan da ya taɓa shiga maɗaba'a. Labarai ne da marubutansu suke saki shafi-shafi ta WhatsApp ko Wattpad, a karanta farkon kyauta, wanda yake son ci gaba ya tura kuɗi ta banki. Sannan wani mai tuƙa keke napep, wanda Baba ya jawo, ya ce shi bai iya dogon karatu ba, sauraro yake yi a YouTube yana jiran fasinja, kuma ya ji labarai sun fi ashirin daga farko har ƙarshe. Ya tambaya cikin ladabi ko irinsa yana da kati.

Ɗalibin jami'a ya nuna damuwa ta gaskiya: littafin da ba shi da shekarar bugu, wanda marubuciyarsa take amfani da laƙabi, kuma ana iya goge shi gobe, yaya za a shigar da shi kundi har wani ya neme shi bayan shekara biyar? Ba mu da cikakkiyar amsa. Amma na tuna wa zaman cewa sauraron labari ba baƙon abu ba ne, gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafan Hausa mata suna ji suna aikin gida, kuma idan muka rufe ƙofa ga abin da matasa suke karantawa yau, mun maimaita abin da aka yi wa littattafan buhun Yaya shekara talatin da suka wuce. An amince a karɓe su a sashe na dabam, a rubuta sunan da marubucin yake amfani da shi da inda aka samu labarin da watan da aka karanta shi. Mai keke ya faɗi nasa da baki, malamar firamare ta rubuta masa. Na lura katinsa ya fi na kowa bayani a kan wanda ba zai ba labari ba, domin ya ce akwai waɗanda ba ya kunnawa idan ya ɗauko mata da yara.

Asabar, 25 ga Mayu

An kafa doka guda: kada a fasa ƙwai. Wani ya rubuta kati a kan Jiki Magayi ya zayyana abin da ya sami yaron a ƙarshe, wadda take tsakiyar karanta shi kuma ta gani. Daga yau duk katin da ya taɓa ƙarshen labari za a sa masa alama a sama. Wannan ya shafi katunan 2 ga Maris, dole in koma kansu, har da taƙaitawar da ni kaina na yi a wannan rajista.

Malamar firamare ta kuma lura cewa ni da nake karɓar katin kowa ban rubuta ko ɗaya ba. Gaskiyarta. Na zaɓi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, littafin da na koyar sau da yawa har na haddace abin da ake faɗa a kansa: bauta, da fataucin bayi ta Sahara, da darajar ilimi. Da na zo tambayar wurin da ban manta ba, sai na tarar ba Umar ne a raina ba, mahaifiyarsa ce, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu bautarwa ita ma. Shekara goma sha huɗu ban taɓa tsayawa a kanta a aji fiye da minti biyar ba, saboda ba a cika tambaya a kanta a jarrabawa ba.

A gurbin wanda zan ba na rubuta saurayin da ya yi nisa da gida yana ganin kiran mahaifiyarsa a waya yana cewa sai anjima. Gurbin wanda ba zan ba ba ya fi ba ni wahala. A ƙarshe na rubuta cewa ba zan ba iyayen da aka sace musu ɗa ba, kuma a yankinmu a wannan zamani wannan ba misali ne na nesa ba. Da na karanta katin a zaman, wani daga cikinmu da abin ya taɓa danginsa ya ce shi da an ba shi littafin a wancan lokacin, da ya karanta, domin ya fi son labarin da ya san ciwonsa a kan wanda zai lallashe shi. Na roƙe shi ya rubuta hakan, za a sa katinsa a ƙarƙashin nawa.

Asabar, 8 ga Yuni

Gwaji na farko. Na ɗauki katunan da aka riga aka tace na kai wa ɗalibar da tambayarta ta jawo wannan aiki, na ce ta duba ta zaɓa da kanta, ban ce mata komai ba. Ta ɗauki kusan rabin sa'a tana juya su, sannan ta tsaya a kan wani kati na So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda NNPC ya buga a 1980. Wata mata mai kimanin shekara hamsin ce ta rubuta shi, ta ce za ta ba yarinyar da take ganin kamar ita ce ta fara son wanda danginta ba sa so.

Cikin kwana biyu ta gama shi. Katin da ta dawo da shi ne ya fi faranta mini, domin ta fito fili a cikinsa ta ce wani sashe na littafin bai yi mata ba. Ta ce farkon ya riƙe ta har ta manta da abincin dare, amma da aljanu suka shigo labarin sai ta ji kamar an canza mata littafi a hannu. Ta ce za ta ba ƙawarta, amma za ta gargaɗe ta. Sannan ta tambaya ko akwai wani irinsa wanda babu aljanu, na aika wa Yaya da tambayar.

Asabar, 6 ga Yuli

Ruwan sama ya hana mutum huɗu zuwa, amma mun yi lissafi. Kati ɗari da arba'in da shida a kan littattafai sittin da biyu, goma sha uku daga cikinsu na waya ne. Saura talatin da takwas mu cika ɗari. Giɓin da ya fi fitowa fili shi ne na littattafan farkon shekarun 1980, domin Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina kati ɗaya gare shi, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa babu ko ɗaya, saboda ba mu sami kwafin da za a zagaya da shi ba. Haka kuma duk masu katunanmu mazauna Zariya ne, in ban da mata biyu da suka aiko daga Funtuwa ta hannun dangi. Mai keke ya ce yana da ɗan'uwa a Maraɗi da ke sauraron labaran nan, zai nemi ra'ayinsa.

An yi muhawara a kan yadda za a jera kundin. Ɗalibin jami'a yana son a bi shekarar bugu, daga 1934 zuwa yau. Ni da malamar firamare muna son a bi halin mai karɓar aro, wato sashen wanda bai taɓa gama littafi ba, da na amarya, da na wanda ke jinya ko jiran mai jinya, da na mai neman dariya, da sauransu, sannan a sa jerin shekaru a baya. Matsalar tsarinmu ita ce littafi ɗaya zai iya faɗawa sashe uku, kuma Alhaki Kuykuyo Ne kaɗai yana neman wuri a sashen zawarawa da na 'yan kasuwa. Ba a yanke hukunci ba, an ɗage zuwa zama na gaba.

Shagon da muka kai shafuka goma na gwaji ya buga mana su babu ƙugiya ko ɗaya, duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma k da d da b, har wani kati da ke maganar ɓarin ciki ya koma maganar barin ciki. Ɗalibin jami'a ya karɓi aikin bugawa a kwamfutarsa, zai kawo shafuka ashirin na farko ranar 20 ga wata.

Yaya ta aiko da littattafai biyu domin ɗalibar, ɗaure da tsumman atamfa, tare da saƙon cewa ta fara da na sama. Ta kuma tambaya ko an dace da na ukun nan. Ba a dace ba tukuna, amma wata mata a Tudun Jukun ta ce tana jin tana da shi a cikin kayan da ta bari a gidan iyayenta, za ta duba idan ta je suna a ƙarshen wata.